Wanda bai taɓa sa kaki ba, zai iya shugabantar 'yan sanda?

Tambaya daga wani mai karatu a Zariya: "Assalamu alaikum Barista. Na ji a rediyo an ce matar da aka naɗa shugabar 'yan sandan birnin New York ba ta taɓa zama 'yar sanda ba ko na kwana ɗaya. Abin ya ɗaure mini kai. Doka ta yarda a ɗauko mutum daga waje a ɗora shi a kan 'yan sanda? In an ɗora shi, ya zama ɗan sanda ke nan, yana iya kama mutum ya sa masa ankwa? Wane ilimi ko gogewa ake nema a wurinsa? Kuma a nan Najeriya shugaban ƙasa zai iya yin haka, tunda kullum kuka muke yi da 'yan sandanmu?"

Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ka ji gaskiya ne. Jessica Tisch ake nufi, wadda magajin garin New York na lokacin, Eric Adams, ya naɗa kwamishinar 'yan sanda a watan Nuwamban 2024. Ba ta taɓa zama kurtu ba, ba ta taɓa yin sintiri ba. Ta karanci shari'a da harkar kasuwanci a jami'ar Harvard, ta yi shekaru tana aiki a cikin rundunar a matsayin ma'aikaciya farar hula, har ta riƙe sashen fasahar sadarwa, daga baya kuma ta shugabanci hukumar tsaftar birnin. Daga can aka dawo da ita.

Tambayarka ta ƙunshi abu biyu da mutane ke cakuɗawa, kuma in ba a raba su ba amsar ba za ta fito ba. Na farko shi ne kujerar shugabanci: wa ke tsara aiki, wa ke raba kuɗi, wa ke ƙarin girma da horo da kora, wa ke amsa tambaya gaban majalisa. Na biyu shi ne ikon ɗan sanda: kama mutum, tsare shi, bincika gidansa, riƙe bindiga da sunan hukuma. Mu a nan mun saba ganin su a jikin mutum ɗaya, shi ya sa muke zaton ba sa rabuwa. A doka suna rabuwa. Takardar naɗi ce ke ba mutum kujera. Ikon ɗan sanda kuwa rantsuwa da horo da takardar shaida ke bayar da shi, kuma hawa kujera ba ya jawo shi kai tsaye sai in doka ta faɗi haka da bakinta.

Kalmar "daga waje" ma tana bukatar a fayyace ta. Akwai cikakken ɗan sanda da ya yi aikinsa a wata runduna aka kira shi ya shugabanci wata. Akwai jami'in tsaro da ba ɗan sanda ba, soja ko ɗan leƙen asiri. Akwai kuma farar hula zalla, lauya ko ma'aikacin gwamnati ko ɗan siyasa. Doka ba ta yi musu kuɗin goro, sakamakonsu a aikace ma ba ɗaya ba ne.

Yadda abin yake a Amurka

Amurka ba ta da rundunar 'yan sanda ɗaya kamar tamu. Hukumomin tilasta bin doka a can sun kai kimanin 18,000, yawancinsu na birane da ƙananan hukumomi ne, kowacce da dokar da ta kafa ta. A New York dokar birnin ta mai da kujerar kwamishina ta farar hula. Magajin gari ne ke naɗawa, shi ne kuma ke saukewa. Ko da tsohon ɗan sanda aka ba, a matsayin farar hula yake hawa. A ƙarƙashinsa akwai babban jami'i mai kaki, wanda shi ne mafi girman muƙami a cikin waɗanda suka yi rantsuwa, kuma ta hannunsa aikin yau da kullum na kan titi ke bi. Saboda haka Tisch ba ta shigo ta taga ba. Kujerar ce aka gina ta haka tun asali, har Theodore Roosevelt, wanda ya zama shugaban ƙasa daga baya, ya jagoranci kwamitin 'yan sandan birnin daga 1895 zuwa 1897 ba tare da ya taɓa zama ɗan sanda ba.

A yawancin sauran garuruwa kuwa shugaban 'yan sanda mai kaki ne, kuma dole ya mallaki takardar shaidar da jihar ke bayarwa. Kusan kowace jiha tana da hukumar da ke tsara horon 'yan sanda da ba su wannan takarda. Ta Kalifoniya an kafa ta tun 1959. Takardar wata jiha ba ta aiki a wata kai tsaye. Mutum zai yi shekara talatin yana aiki a wata jihar, ya zo sabuwa a ce sai ya zauna jarrabawar dokokinta, ya gwada harbi, wani lokaci ya koma aji na 'yan makonni. Galibi ana ba shi wa'adi ya cika sharaɗin, kuma kafin ya cika matsayinsa yana rawa.

Misalin da ya fi fito da wannan shi ne na Willie Williams. Bayan dukan da 'yan sandan Los Angeles suka yi wa Rodney King a 1991 da tarzomar da ta biyo bayan wanke su a 1992, birnin ya ɗauko shi daga Filadelfiya inda yake kwamishina. Gogaggen ɗan sanda ne, shi ne kuma baƙar fata na farko da ya shugabanci rundunar. Amma ya zo ba shi da takardar Kalifoniya, aka yi ta ce-ce-ku-ce har a kan ko yana da hurumin rataya bindiga a matsayin jami'i. Manyan jami'an da ya tarar ba su taɓa karɓarsa da zuciya ɗaya ba, kuma da wa'adinsa na shekara biyar ya ƙare a 1997 ba a sabunta masa ba. Shekara biyar bayan haka birnin ya sake ɗauko bare, William Bratton, wanda ya yi Boston da New York, shi kuwa ya zauna daga 2002 zuwa 2009. Runduna ɗaya ce, baƙi biyu, ɗaya ya ci gari ɗaya gari ya ci shi.

Jihar New Jersey ta bi wata hanya. Gari yana iya naɗa darektan 'yan sanda farar hula ya riƙe tsare-tsare da mulki, amma ba shi da ikon ɗan sanda. A 2005 kotun ɗaukaka ƙara ta jihar, a shari'ar darektan garin Asbury Park, ta tabbatar da cewa wannan kujera ba ta ba mai ita damar yin aikin ɗan sanda da kansa. Wannan ita ce amsar tambayarka ta ankwa a taƙaice: shugaba farar hula yana iya cewa a tsaurara sintiri a unguwa kaza, amma shi da hannunsa ba shi da ikon kamu fiye da na kowane ɗan ƙasa.

Kaki ma magana ce babba a wurinsu. Da aka kawo Jody Weis daga hukumar FBI ya shugabanci 'yan sandan Chicago a 2008, ɗaya daga cikin abubuwan da suka fi ɓata wa ƙananan jami'ai rai shi ne ganinsa sanye da kakinsu alhali bai taɓa kwana a caji ofis ba. Ni ban ɗauki wannan a matsayin ƙuruciya ba. Wanda ya tsaya a rana da ruwa, ya ɗauki gawar abokin aikinsa, yana ganin rigar nan hakki ce da aka biya da jini.

Ingila da maƙwabciyarta

Abin da zai ba ka mamaki shi ne 'yan sandan zamani da bare suka fara. Da aka kafa rundunar Landan a 1829, mutum biyu aka ba shugabanci: Charles Rowan, soja, da Richard Mayne, lauya. A doka ma ba 'yan sanda ba ne, matsayin majistare aka ba su. Haka aka ci gaba fiye da shekara ɗari ana kawo janar-janar da manyan ma'aikatan gwamnati. Lord Trenchard, jigon sojan sama, ya riƙe kujerar daga 1931 zuwa 1935. Sai a 1958 aka sami Joseph Simpson, na farko da ya fara daga ƙasa ya hau har sama. Daga nan ƙofa ta rufe, ya zama sai ɗan gida.

A 2011, bayan tarzomar da aka yi a biranen Ingila, Firaminista David Cameron ya nuna sha'awar Bratton ɗin nan ya zo Landan. Ma'aikatar cikin gida, ƙarƙashin Theresa May, ta tsaya a kan dole mai neman kujerar ya zama ɗan Birtaniya, maganar ta mutu. Amma ta bar baya da ƙura. Binciken da gwamnati ta sa lauya Tom Winsor ya yi kan aikin 'yan sanda ya ba da shawarar a buɗe ƙofa, kuma dokar 2014 ta yarda a naɗa babban jami'i daga wasu rundunonin ƙetare da aka amince da su, na Amurka da Kanada da Ostareliya da New Zealand. A shekarar ce kuma aka fara ɗaukar farar hula masu gogewar shugabanci kai tsaye a muƙamin sufiritanda, bayan horo na wata 18. Ka lura da abin da suka yi a nan, domin shi ne darasin: ba su ce wa baƙo shigo ka zauna ba. Sun ce shigo, ka yi horo, ka yi rantsuwa, ka zama ɗan sanda a doka, sannan ka yi umarni.

Ailan ta yi irin wannan a 2018. Bayan jerin badaƙaloli da suka ci kwamishinoni biyu a jere, gwamnati ta ɗauko Drew Harris, mataimakin shugaban 'yan sandan Ailan ta Arewa, wato daga wata ƙasa dabam. An kai ƙara babbar kotu don a hana naɗin, kotu ta ƙi. Ranar da ya kama aiki a watan Satumba, rantsar da shi aka yi a matsayin ɗan sandan ƙasar, don kada a bar wata kafa da lauya zai bi ya ce umarninsa ba shi da tushe.

Inda aka gwada farar hula zalla

Me ke sa gwamnati ta nemi bare tun farko? Kusan kullum abu ɗaya ne: runduna ta ɓaci, kuma duk wanda za a ɗauko daga ciki yana da ubangida, yana da yara, yana da abin da wani ya sani a kansa. Ɗan gida ya san inda ɗaki ke yoyo, amma sau da yawa shi ma yana cikin waɗanda suka huda rufin. Wannan hujja ce mai ƙarfi, ba na raina ta. Matsalar ita ce hujjar ba ta faɗa maka wane irin bare za ka kawo ba.

Kanada ta naɗa William Elliott, lauya kuma babban ma'aikacin gwamnati, ya shugabanci 'yan sandan tarayya a 2007, farar hula na farko a tarihin rundunar. Zuwa 2010 manyan mataimakansa sun kai ƙararsa ga gwamnati a kan yadda yake mu'amala da su, a 2011 ya tafi. Wannan mai sauƙi ne in aka kwatanta da Afirka ta Kudu. Kundin tsarin mulkinsu ya ce shugaban ƙasa ya naɗa mace ko namiji a matsayin kwamishinan 'yan sanda na ƙasa, bai gindaya sharaɗin zama ɗan sanda ba. Aka ba Jackie Selebi, ɗan jam'iyya kuma jami'in diflomasiyya, a 2000. A 2010 kotu ta ɗaure shi shekara 15 saboda cin hanci. Aka ba Bheki Cele, ɗan siyasa, a 2009. Aka sauke shi a 2012. Aka ba Riah Phiyega, wadda ta fito daga aikin jin daɗin jama'a da manyan kamfanoni, a watan Yunin 2012. Wata biyu da hawanta, ranar 16 ga Agusta, 'yan sanda suka harbe masu haƙar ma'adinai 34 a Marikana. Kwamitin bincike na alƙali Farlam ya sa ayar tambaya a kan cancantarta, aka dakatar da ita a 2015.

Ba zan ce rashin kaki ne ya kashe mutanen Marikana ba, domin masu kaki ne suka tsara aikin ranar suka kuma ɗana kunama. Abin da nake cewa shi ne shugaban da bai san yadda ake tarwatsa taro ba, ba zai gane mugun tsari ba in an ajiye masa a kan tebur. Ba zai san tambayar da zai yi ba. Dole ya jingina da abin da na ƙasa suka gaya masa, kuma su ne mutanen da aka kawo shi ya gyara. A New York an rufe wannan gibin da doka da al'ada, akwai mai kaki na ɗaya wanda nauyin aikin titi ke wuyansa. A Afirka ta Kudu an ba farar hular kaki da muƙamin janar, aka haɗa masa kujera da umarnin fagen aiki gaba ɗaya, ba tare da horon da zai ɗauke su ba.

Soja kuwa ni ina ganin shi ya fi haɗari, ko da yake mutanenmu shi suka fi kira. Kenya ta kawo Mohammed Hussein Ali daga soja a 2004, Yuganda ta kawo Kale Kayihura a 2005 ya zauna har 2018. Soja an horar da shi ya ga abokin gaba ya gama da shi. Ɗan sanda an horar da shi, ko ya kamata a horar da shi, ya ga wanda ake tuhuma ya kai shi gaban alƙali da rai da hujja. Ladabin bariki abu ne mai kyau, amma ba ya koya wa mutum yadda ake ɗaukar bayanin shaida ko adana kayan hujja, kuma a nan shari'o'inmu ke mutuwa.

Misalin da ya fi ba ni ƙarfin gwiwa a nahiyarmu shi ne na Saliyo. Ana tsakiyar yaƙin basasa, Shugaba Ahmad Tejan Kabbah ya naɗa Keith Biddle, tsohon ɗan sandan Birtaniya, Sufeto Janar a 1999. Ɗan sanda ne na gaske, ba shi da ƙabila ko jam'iyya a ƙasar, an san ranar tafiyarsa, kuma a 2003 ya miƙa wa ɗan ƙasa, Brima Acha Kamara.

To, a Najeriya fa?

Amsar a nan gajeriya ce: a'a. Sashe na 215 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce shugaban ƙasa ne zai naɗa Sufeto Janar bisa shawarar Majalisar 'Yan Sanda, daga cikin jami'an rundunar da ke bakin aiki. Wannan ya fitar da farar hula, ya fitar da soja, ya fitar da baƙon ƙetare, har tsohon ɗan sandan da ya yi ritaya jiya ya fitar. Majalisar da ake magana ta ƙunshi shugaban ƙasa da gwamnoni 36 da shugaban Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda da shi Sufeto Janar. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta ƙara matse ƙofar a sashe na 7: dole muƙaminsa ya kai na AIG, wato mai taimaka wa Sufeto Janar, ya kasance yana da digiri na farko ko makamancinsa, da gogewar aiki da ta shugabanci, kuma wa'adinsa shekara huɗu ne. Kwamishinan jiha kuma hukumar kula da ayyukan ce ke naɗa shi, ba gwamna ba. Duk shugaban ƙasar da ke son kawo bare sai an gyara kundin tsarin mulki, da kashi biyu cikin uku na majalisun tarayya da amincewar majalisun jihohi 24.

Kalmar "bakin aiki" ɗin nan ita ta jawo rigimar Kayode Egbetokun. An naɗa shi Sufeto Janar a watan Yunin 2023, ya cika shekara 60 a watan Satumban 2024, kuma sashe na 18 na dokar ya ce ɗan sanda yana ritaya in ya cika shekara 60 ko ya yi shekara 35 yana aiki. Majalisa ta gyara dokar a 2024 ta ce Sufeto Janar zai ƙarasa wa'adinsa. Masu suka suka ce in shekarun ritaya sun cim masa ai ya daina zama jami'in da ke bakin aiki, kuma dokar majalisa ba ta rinjayar tsarin mulki. Masu goyon baya suka ce tsarin mulki bai faɗi shekarun ritaya ba, dokar majalisa ce ta faɗa, kuma majalisa tana da ikon gyara abin da ta rubuta. A fahimtata hujja ta biyu ta fi ƙarfi a shari'a, amma gyara doka don mutumin da ke kan kujera al'ada ce da ba na so mu saba da ita.

Ba a nan kaɗai muka ɗanɗana wannan muhawara ba. A 2015 Shugaba Buhari ya naɗa Kanar Hameed Ali mai ritaya shugaban kwastan, a 2017 Majalisar Dattawa ta ce sai ya zo gabanta da kakin kwastan, ya ƙi. Asalin rigimar shi ne tsohuwar dokar ba ta fito fili a kan ko bare zai iya hawa ba, da kuma ko hawan ya mai da shi jami'in kwastan. Dokar kwastan ta 2023 ta rufe bakin, ta ce sai jami'in gida. Dokar EFCC ita ma ta ce shugaba ya zama jami'in tsaro ko na tilasta bin doka, mai ci ko mai ritaya, wanda muƙaminsa bai gaza na mataimakin kwamishinan 'yan sanda ko makamancinsa ba, da gogewar shekara 15. A kan wannan aka yi ta jayayya da aka naɗa Ola Olukoyede, lauya, a 2023.

A tarihin Arewa kuma abin ba baƙo ba ne. Zamanin En'e, shugabancin 'yan doka sau da yawa ɗan sarki ake ba. Usman Nagogo ya riƙe 'yan dokar Katsina kafin ya zama sarki. Alhaji Ado Bayero ya zama Wakilin Doka a Kano a ƙarshen shekarun 1950, kafin ya tafi jakadanci Senegal ya dawo ya hau gadon sarauta a 1963. Hikimar ita ce kwarjinin gidan sarauta ya ɗaga darajar aikin da mutane ke ƙyama a lokacin. Ta yi aiki ta wannan fuskar. Amma tsarin ne kuma 'yan jam'iyyar adawa ta NEPU suka sha wuya a hannunsa, domin rundunar da ke amsa wa mai mulkin gari kai tsaye tana zama sandar dukan abokan hamayyarsa. Wannan na cikin dalilan da suka sa gwamnatin soja ta haɗe 'yan doka cikin rundunar tarayya.

Na kawo wannan ne saboda tambayarka za ta dawo mana ta ƙofar 'yan sandan jihohi da ake ta muhawara a kai. Yanzu ma jihohi da dama suna da rundunonin tsaron al'umma, kuma akasari tsofaffin sojoji ake ba shugabancinsu. Shekarun baya na tsaya wa wani ɗan kasuwar hatsi da aka tsare kwana huɗu a ofishin irin wannan runduna a wata jiha, kan rigimar bashi. Kwamandan, tsohon hafsan soja, shi ya sa hannu a takardar tsarewar. Da muka je kotu tambaya ɗaya na riƙe: a wane sashe na wace doka aka ba wannan kujera ikon tsare mutum? Lauyansu ya kawo takardar naɗi mai hatimi. Na ce wannan ta nuna shi ne shugaba, ba ta nuna shi ɗan sanda ne ba. Dokar da ta kafa su ta ce su taimaka wa 'yan sanda, su miƙa wanda suka kama ba tare da ɓata lokaci ba, kuma sashe na 35 na tsarin mulki ya ba ko ɗan sanda na gaske kwana ɗaya ne ya kai mutum gaban alƙali in akwai kotu a cikin kilomita 40. Kotu ta ce tsarewar haramtacciya ce. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne mutumin bai yi da mugunta ba. Har ga Allah ya ɗauka kujerar ta ba shi ikon, domin babu wanda ya taɓa zaunar da shi ya karanta masa iyakarsa.

Aikina a kotunan Najeriya yake. Abin da na faɗa game da Amurka tsari ne na gaba ɗaya, kuma a can kowace jiha da kowane gari da nasu rubutun, don haka wanda ke da shari'a a hannu dokar garin da abin ya faru zai buɗe.

In ka tambayi ra'ayina, ba na goyon bayan a buɗe kujerar Sufeto Janar ga kowa da kowa. A yanayinmu wanda zai fara shigowa ta wannan ƙofar ɗan jam'iyya ne, kuma mun ga inda hakan ya kai Afirka ta Kudu. Wurin da doka ta riga ta tanadar wa idon waje shi ne Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda, mai ikon naɗi da ƙarin girma da ladabtar da kowane jami'i ban da Sufeto Janar. Amma dubi waɗanda aka riƙa ba shugabancinta: Mike Okiro, Musiliu Smith, Solomon Arase, dukkansu tsofaffin Sufeto Janar. Ba na zargin ko ɗayansu da komai. Sai dai hukumar da aka kafa don ta sa ido daga waje, in aka damƙa ta ga na ciki, an rasa amfanin kafa ta. Da za a ba tsohon alƙali ko gogaggen ma'aikacin gwamnati wannan kujerar, da an sami abin da kake nema ba tare da an taɓa sashe na 215 ba.

In kuma 'yan sandan jihohi suka tabbata, a nan nake son a yarda da bare, amma bare ɗan sanda: jami'in da ya yi aiki a rundunar tarayya ko ta wata jiha, mai muƙami da shekarun aikin da doka ta ƙayyade da lamba, wanda majalisar jiha za ta tantance a bainar jama'a. A rubuta cewa sai ya yi rantsuwar rundunar kafin ya ba da umarni na farko. A rubuta wa'adinsa. A rubuta dalilan da za a iya sauke shi da wanda zai saurari bahasinsa, don kada gwamna ya kore shi da wayar tarho ranar da ya ƙi kama ɗan adawa. In jiha ta ga tana son farar hula a sama ya riƙe kasafi da tsare-tsare, a ba kujerar suna dabam, a faɗa a fili cewa ba ya kamu, ba ya tsarewa, ba ya sa kaki, kuma ba ya gaya wa mai bincike wanda zai tuhuma da wanda zai saki.